Neman taimako: mene ne "run amok", kuma yaya za a faɗe shi da Hausa?

Ɗalibar Fassara:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Don Allah ina neman a warware mini wani salon magana na Turanci, wato "run amok". Ina koyon aikin fassara ne, kuma a cikin gajerun rubuce-rubucen da aka ba ni in juya zuwa Hausa ya fito mini a wuri uku, kowane wuri da irin kamannin da ya zo da su.

Na farko labarin giwa ne: "An elephant ran amok during the procession and injured several people." Na biyu na 'yan makaranta ne: "The children ran amok while the teacher was out." Na uku kuwa daga sharhin wani marubuci ne da ke kukan yawan takardun da ake sa mutum ya cike kafin a ba shi izinin gyara gidansa, sai ya rufe da cewa: "This is bureaucracy run amok."

Ƙamus ɗin da nake dubawa ya ce ma'anarsa a yi ta abu cikin hauka, babu kamun kai, har a zama haɗari ga jama'a. Da na ɗauki "haukace" na ɗora a kan ukun, ta giwa ce kaɗai ta zauna. "Giwa ta haukace" kunne zai karɓa. Amma "yara sun haukace da malami ya fita" ya yi mini nauyi a baki, domin marubucin bai nufi wani abu ya taɓa ƙwaƙwalwar yaran ba, kuma ba zan so a faɗi haka a kan ɗan kowa ba. Ta ukun ma ba a magana. "Aikin ofis ya haukace" ba maganar da wani zai yi ba ce, kuma ban gane dalilin da ya sa aka rubuta "run" a wurin ba alhali sauran biyun "ran" ne.

Saboda haka ina tambaya: akwai kalma ɗaya ko karin magana ɗaya na Hausa da zai ɗauke su duka? Shi gudun da ke ciki, gudu ne na gaske da ƙafa? Na kuma ga wasu suna rubuta "amuck", shin kuskure ne? Sannan mene ne bambancinsa da "go berserk", don ƙamus ɗin ya jera su tare kamar abu ɗaya ne. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Aji Uku:

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a ganina "haukace" ta wadatar, ai mu ma mukan ce yaran nan sun haukata mu da ihu. Idan kuma ba ki son ta, ki sa "kan mai uwa da wabi", shi na fi jin masu karanta labarai suna faɗa idan wani ya far wa jama'a bai zaɓi kowa ba. Amma bari manya su zo.

Tsohon Edita:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika saurari kunnenki, ba ki bi ƙamus ido rufe ba. Na daɗe ina juya labarai a ɗakin labarai na rediyo kafin in ajiye aiki, kuma wannan magana tana cikin waɗanda na fi ja wa layi a takardun yaran da ke aiki a hannuna.

Abin da zan fara gaya miki shi ne ki daina neman kalma ɗaya. Babu ita, kuma rashinta ba talaucin Hausa ba ne. Bature ya ɗauki magana guda ya shimfiɗa ta a kan giwa da yara da ofis, mu kuwa kowanne akwai maganar da aka tanadar masa. Idan kika kwance ƙullin "run amok" za ki tarar da abin da ya kuɓuce wa mai riƙe da shi, yana zagaye wuri, yana ɓarna ba tare da ya zaɓi wanda zai yi wa ba. Kamar dokin da ya ƙwace linzami ne a tsakiyar taro: ba wai yana da wani da yake nema ba ne, duk wanda ya samu a gabansa shi ke nan. To a kowace jimla, ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ne ke kan gaba, ko kuɓucewar, ko ɓarnar, ko rashin zaɓen. Aikinki shi ne ki gano wanne ne, sannan ki tambayi kanki: da Bahaushe ne ya ga abin da idonsa ya dawo yana ba da labari, me zai ce?

Ɗauki giwar. Wanda ya gani ba zai tsaya a kalma ɗaya ba, zai jero aikatau ne: ta tunzura, ta ƙwace, ta kutsa cikin mutane, ta tattake wasu. Haka harshenmu yake ba da labari, aiki na bin aiki. Ni zan rubuta: "Wata giwa ta tunzura ana tsakiyar jerin gwano, ta kutsa cikin jama'a ta jikkata mutane da dama." Idan labarin ya nuna a ɗaure take ko akwai mai jan ta, sai ki ce ta ɓalle ko ta ƙwace. "Ta haukace" ba laifi ba ne a nan, amma ba ya nuna wa mai sauraro abin da ya faru, yana ba shi hukunci ne kawai.

Na yaran kuwa ki lura da muryar mai maganar. Baturen da ya ce yara sun "ran amok" ƙara gishiri yake yi, babu jini babu rauni, kujeru ne aka ture, alli ne aka yi jifa da shi, ana hawa tebur ana ihu. Sai ki nemi maganar da nauyinta ya yi daidai da wannan: "Malami na fita yara suka hargitsa ajin." Ko "suka yi ta ƙiriniya", ko "suka yi kaca-kaca da ajin" idan an ambaci ɓarna. Idan kuma abin da ake son nunawa shi ne daɗin da suka ji na samun sarari, "suka sheƙe ayarsu" ya fi duka. Ɗana Ɗan Aji Uku, misalinka ya nuna bambancin da kansa: "sun haukata mu da ihu" mu ne abin ya dama, ba su aka kira mahaukata ba.

Game da "kan mai uwa da wabi" da ka kawo, magana ce mai kyau amma ba ta tafiya ita kaɗai. Rashin zaɓe kawai take ɗauka, kuma sai an ba ta aikatau ta jingina: harbi, sara, duka, kame. Idan labari ya ce wani mutum ya "ran amok" da wuƙa a tashar jirgi, to nan ne gidanta: "ya far wa matafiya da sara kan mai uwa da wabi." Amma ku tuna wabi mutuwar 'ya'ya ne ɗaya bayan ɗaya. Kalma ce mai ɗauke da makoki, ba a ɗora ta a kan yaran da ke tsalle a aji.

Akwai wata da ba ki tambaya ba amma za ki haɗu da ita ko ba daɗe ko ba jima, wato inda masu makamai ne ake magana a kansu, sojojin da aka saki a gari ko 'yan bindigar da suka samu babu hukuma. A nan mutanen suna cikin hankalinsu sarai, sun san abin da suke yi, abin da babu shi ne mai tsawata musu. Wannan shi ne "cin karensu babu babbaka". Na sha ganin mai fassara ya rubuta "sojoji sun haukace" a irin wannan labari, kuma kullum nakan soke, domin ya wanke su ne bai sani ba. Wanda ya haukace ba a tuhumarsa. Wanda ya ci karensa babu babbaka kuwa da gangan ya yi, kuma akwai wanda ya kamata ya hana shi bai hana ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a labarin da iyalan waɗanda aka kashe za su saurara.

Saura ta ukun. Abin da ya ruɗe ki nahawu ne. Aikatau ɗin nan sigoginsa uku ne, "run, ran, run", ta farko da ta uku kamarsu ɗaya. A jimlarki siga ta ukun ce aka yi amfani da ita, kuma siffanta sunan da ke gabanta take yi, wato tsarin ofis wanda ya riga ya kuɓuce. Za ki riƙa ganin wannan gini a sharhin jaridu: a kawo sunan wani tsari ko aƙida ko fasaha, a liƙa masa "run amok" a baya. Duk inda kika gan shi, marubucin yana cewa ne abin nan da aka kafa don amfani ya wuce iyakarsa har ya koma cuta. Muna da "ya wuce gona da iri", muna da "ya gagari kundila", muna da "ya zama alaƙaƙai". Ni zan ce: "Wannan ai ƙa'idojin ofis ne suka wuce gona da iri." Idan farashi ne, tashin gwauron zabi. Idan cuta ce, ta yi ƙamari ko ta gagari likitoci.

Gudun kuma, a Turancin yau ba lallai a motsa ƙafa ba. "Run" a irin wannan wuri tana nufin shiga wani hali, kamar yadda suke cewa rijiya ta "run dry" idan ta ƙafe. Kada ki taɓa rubuta "gudu" a fassararki sai in labarin ya nuna an yi gudun.

Mai Bin Diddigi:

Baba Edita ya gama da aikin fassarar, ni asalin kalmar zan ƙara, domin yana taimakawa a san nauyinta.

"Amok" ba Turanci ba ce tun asali. Daga harshen Malay ta fito, harshen mutanen Maleshiya da Indunusiya da Burunai da Singafo. Su suna cewa "amuk", aikatau ɗin kuma "mengamuk", ma'ana a afka da ƙarfin tsiya ba tare da an damu da mutuwa ba. A da can a fagen yaƙi ba abin kunya ba ne, jarumta ce: mayaƙan da suka ga an yi musu ƙawanya sai su yi kukan kura su faɗa cikin abokan gaba, a mutu ko a yi rai. Turawan Fotugal ne suka fara kai kalmar Turai bayan sun ci birnin Malaka a 1511. Wani daga cikinsu, Duarte Barbosa, ya rubuta wajen 1516 cewa a tsibirin Java akwai mutanen da kan fita titi su kashe duk wanda suka gamu da shi, ana kiransu "amuco". A Turancin Ingila kuwa mawaƙin nan Andrew Marvell ya yi amfani da ita a 1672, inda ya kwatanta wani da mai gudu yana sukar duk wanda ya tarar. Kyaftin James Cook ma ya ba da labarin abin bayan ya yada zango a Batabiya, wato Jakarta ta yau, a 1770.

Siffar da matafiya da likitocin zamanin mulkin mallaka suka yi ta maimaitawa kusan iri ɗaya ce. Namiji ne, wanda aka ci wa mutunci ko ya yi babbar asara ko bashi ya yi masa katutu. Sai ya yi shiru, ya janye daga mutane, yana ta saƙe-saƙe. Rana ɗaya ya zaro keris, wuƙarsu mai lanƙwashe-lanƙwashe, ya fita da gudu yana sukar duk wanda ya gani, na gida da na waje, har sai an kashe shi ko an danne shi. Wanda ya tsira da rai yakan ce bai tuna komai ba. To ka ga a nan gudun na gaske ne, daga baya ne ya zama na baki. Mutanen yankin a da sukan danganta abin ga iskar damisa da ta shiga jikin mutum, Turawa kuma wasu suka ɗora wa shan ofiyom, wani abu mai bugarwa, wasu suka ce wai halin Malay ne haka. Wannan na ƙarshe son zuciyar masu mulki ne kawai, domin babu nahiyar da ba a taɓa samun mutum ya far wa jama'a haka ba.

Su masu harshen a yau sun sassauta kalmar kamar yadda Turawa suka yi. Ɗan Indunusiya zai ce yaro yana "mengamuk" idan yana birgima yana kuka, ya faɗi haka ga giwa, ya faɗa ga gobarar da ta ƙi kasuwa. Jamusawa ne suka riƙe ta da nauyinta. A wurinsu "Amoklauf" sunan kisan jama'a ne da mutum ɗaya ya yi, kamar harin makarantar Erfurt a 2002 inda aka kashe mutum 16, da na Winnenden a 2009. Don haka 'yar'uwa, idan labarin da ke gabanki daga Jamus ya samo asali aka juya shi zuwa Turanci, ki ɗauki kalmar da muhimmanci, ba ƙarin gishiri ba ne.

"Amuck" ba kuskure ba ne, tsohon rubutu ne, shi aka fi yi a ƙarnonin baya kafin "amok" ya rinjaye shi a ƙarni na 20. Har akwai lokacin da wasu marubuta suka raba ta biyu, "a muck", suna zaton tana da alaƙa da kalmarsu ta ƙazanta, alhali babu abin da ya haɗa su. Ki rubuta "amok" idan ke ce mai rubutawa.

Tambayata ga Baba: tunda mai yin amok na asali ya san ba zai dawo da rai ba, ba za a iya cewa "ƙunar baƙin wake" ba?

Tsohon Edita:

Malam Mai Bin Diddigi, Allah ya ƙara sani. "Kukan kura" da ka sa a maganar mayaƙa ya dace ƙwarai, ita ce mafi kusa da ma'anar farko. Amma "ƙunar baƙin wake" ban yarda ba. Da a zamanin kakanninmu ne da sai in ce to, domin ma'anarta ta asali ita ce mutum ya halaka kansa don ya halaka wani. Yau kuwa duk wanda ya ji ta a labarai bam zai gani a ransa, da ƙungiya, da shiri, da wanda ya aiko. Mai sauraro zai tashi da labarin da ba shi aka ba shi ba. Mai fassara da kunnen mutanen yau yake aiki, ba da na jiya ba.

Ɗalibar Fassara:

Baba, Malam, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Ga yadda na mayar da su, a duba mini:

"Wata giwa ta tunzura ana cikin jerin gwano, ta afka cikin jama'a ta raunata mutane da dama."

"Da malami ya fita, yaran suka sheƙe ayarsu suka hargitsa ajin."

"Wannan cike-ciken takardu ne ya wuce gona da iri."

Sai kuma wata sabuwa da ta zo mini a labarin wasan ƙwallo: "The fans went berserk when the goal went in." A nan babu wanda ya ji rauni, murna ce ake yi. Shi ya sa har yanzu maganar "berserk" ke raina.

Ma'aikaciyar Jinya:

Salamu alaikum. Ni ba mai fassara ba ce, a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa nake aiki, kuma ina roƙon ku masu riƙe da alƙalami ku ji abin da Baba ya faɗa a kan "haukace" da kunnen basira.

Gaskiya ne likitoci sun taɓa ɗaukar amok a matsayin lalura mai suna. Kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa ya sa shi a bugun 1994 cikin jerin lalurorin da ake dangantawa da wata al'umma. A bugun 2013 ba ya cikin wannan jerin. Amma ko a lokacin da yake ciki, likita ne ke da ikon cewa ga abin da ke damun mutum, bayan ya gan shi ya bincika. Idan rahoto ya ce wani ya "ran amok" ya sassari mutane, ɗan jaridar abin da aka gani kawai ya faɗa. Da zarar mai fassara ya ce "wani mahaukaci" ko "ya haukace", ya ƙara abin da babu a asali, ya yanke hukuncin da ko kotu ba ta yanke ba tukuna.

Kuma mu ne muke ganin inda abin ke sauka. Mafi yawan masu lalurar ƙwaƙwalwa ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, su ne ma aka fi zalunta. Amma duk lokacin da aka haɗa sunansu da kisa a labarai, sai uwa ta ƙara ɓoye ɗanta, maƙwabta su ƙara ja da baya, wanda ya kamata ya zo asibiti ya ƙi zuwa don kada a ce da shi mahaukaci. Ku faɗi abin da mutumin ya aikata: ya far wa mutane, ya yi ta suka, ya buɗe wuta. Idan daga baya likita ko 'yan sanda sun ce yana da taɓin hankali, sai ku faɗa da sunan wanda ya ce. 'Yar'uwa mai tambaya, ƙin da zuciyarki ta yi na kiran yaran nan mahaukata, ki riƙe shi har ga manya.

Mai Bin Diddigi:

Madalla da wannan, Malama. Shi "berserk" daga arewacin Turai ya fito, daga tsohon harshen mutanen Norwe da Aisilan. Suna ne na wasu mayaƙa, kuma masana sun kasu biyu a kan ma'anarsa: wasu sun ce "mai rigar fatar beyar", wasu sun ce "marar riga", wato mai shiga yaƙi babu sulke. Marubucin Aisilan Snorri Sturluson, a ƙarni na 13, ya siffanta su da cewa sukan fita babu sulke, suna huci kamar karnuka ko kyarkeci, suna cizon garkuwoyinsu. Wannan cizon garkuwa har a sassaƙa an same shi: cikin 'ya'yan wasan ces, wani irin wasan dara, da aka tono a tsibirin Lewis na Sikotilan a 1831 akwai mayaƙa da haƙoransu a bakin garkuwa. Da Kiristanci ya kafu a Aisilan, tsohuwar dokarsu ta sa hukunci a kan wanda ya shiga wannan hali. Walter Scott ne ya yayata kalmar a Turanci a 1822. Abin lura shi ne duka biyun daga fagen yaƙi suka taso, ɗaya daga kudu maso gabashin Asiya ɗaya daga arewacin Turai, kuma duka Turanci aro ya yi.

Tsohon Edita:

Malama ma'aikaciyar jinya, kin faɗi abin da ya fi nawa ƙarfi, Allah ya biya ki da aikin da kike yi.

'Yata, ga bambancin kamar yadda na same shi a aiki. "Berserk" yana kallon cikin mutum ne, abin da ya taso masa a ƙirji har idonsa ya rufe. "Amok" yana kallon waje, wurin da aka bi aka ɓata da mutanen da abin ya rutsa da su. Mutum zai iya "go berserk" yana tsaye wuri ɗaya, yana dukan tebur yana zage-zage, bai taɓa kowa ba. Wannan sai ki ce ya harzuƙa, ya hasala, idonsa ya rufe, ya fita hayyacinsa. Shi ya sa ba a cika cewa tsarin ofis ya "go berserk" ba, domin tsari ba shi da zuciyar da za ta tafasa, amma yana iya bazuwa ya addabi mutane. Kuma shi ya sa "berserk" ke shiga murna. Jimlarki ta ƙwallo ki ce: "Ƙwallo na shiga raga 'yan kallo suka ɓarke da sowa," ko "filin ya kaure da ihu," ko "wuri ya ruɗe." Da marubucin ya ce 'yan kallon sun "ran amok", to labari ya canza, sun fita sun fasa motoci da shaguna ke nan, sai ki koma ga tarzoma da ta'adi.

Ƙamus zai jero miki wasu a gefensu, kada ki ɗauka duk ɗaya ne. "Go haywire" na na'ura ne da shiri, abu ya birkice ko ya rikice, babu fushi a ciki. "Run riot" ya fi kusa da na yaranki, asalinsa karnukan farauta ne da suka bar sawun da aka sa su suka bi wani. "Go postal" kuwa na Amurka ne, ya samo asali daga harbe-harben da wasu ma'aikatan gidan waya suka yi wa abokan aikinsu, mafi muni shi ne na garin Edmond a jihar Oklahoma a 1986 inda aka kashe mutum 14. Idan kika gan shi, fushin wurin aiki ake nufi, kuma sau da yawa ƙarin gishiri ne.

Yanzu fassarorinki. Ta giwa ta yi, ba zan taɓa ta ba. Ta yaran kin haɗa biyu, kuma jerin ya juye: ba a sheƙe aya sannan a hargitsa, hargitsawar ce sheƙe ayar. Zaɓi ɗaya. Idan labarin ya ci gaba da cewa malami ya dawo ya tarar da ɓarna, bar "hargitsa". Idan daga bakin yaro ake ba da shi, bar "sheƙe aya". Kuma "malami na fita" ya fi "da malami ya fita" sauri, yana nuna ko ƙofa bai gama rufewa ba suka fara.

Ta ukun kin taƙaita ta fiye da yadda marubucin ya nufa. Ba takardun kaɗai yake kuka da su ba, da dukan tsarin ne, da masu sa hannu, da je-ka-ka-dawo. Koma ki karanta sakin layin da ke sama da jimlar. Idan takardu kaɗai ya lissafa, taki ta tsaya. Idan ya ambaci ofisoshi da jira da izini kan izini, sai ki faɗaɗa ki ce ƙa'idojin ofis ne suka wuce gona da iri. Ki kuma saka "ai" bayan "wannan", domin mutumin cikin ɓacin rai yake magana, ya kamata a ji shi. Turo mana sakin layin gaba ɗaya idan kin gyara, mu gani ko jimlar ta zauna da maƙwabtanta.